Neman shawara: ware wasu fayiloli daga umarnin gogewa a Bash

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da folda a kwamfutata mai Ubuntu (wani nau'in Linux) wadda ta cika da fayiloli iri-iri, kuma ina son share komai ban da masu ƙarewa da .pdf da .odt. Da na gwada `echo *[!pdf]` domin in ga jerin sunayen kafin gogewa, sai na ga hoto.gif da bayani.zip ba su fito ba, alhali suna cikin waɗanda nake son gogewa. Mene ne dalili, kuma wace hanya ce daidai?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da aka sa cikin baka mai kusurwa harafi ɗaya tak yake wakilta. Saboda haka `[!pdf]` na nufin duk harafin da ba p ba, ba d ba, ba f ba, shi ya sa gif da zip suka tsira, tunda da f da p suka ƙare. Domin ware suna sukutum, sai ka kunna tsarin da Bash, wato shirin da ke karɓar umarninka, ya aro daga takwaransa KornShell ta hanyar `shopt -s extglob`, sannan ka rubuta `rm -- !(*.pdf|*.odt)`. Sandar da ke tsakani tana nufin "ko", alamar motsin rai kuma tana kore duk abin da ke cikin bakan.

Amsa ta biyu: Bayanin Malam daidai ne, sai dai ina jan hankalinka ga kuskuren da ke jawo wa mutane asarar aiki. Kada ka rubuta `*!(.pdf)`, domin tauraron yana iya cinye sunan gaba ɗaya, abin da ya rage ya zama babu komai, wanda kuwa ba .pdf ba ne, ta haka kowane fayil zai shiga jerin gogewa. Ka riƙa sa `echo` a gurbin `rm` tukuna, ka karanta jerin da idonka.

Amsa ta uku: Idan cikin rubutun umarni za ka sa shi, `shopt` ya zauna a layinsa daban kafin layin gogewar, kuma layin farko na rubutun ya kira bash, domin `/bin/sh` a Ubuntu wani shirin ne daban mai suna dash, bai san wannan tsarin ba. Fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo ba sa shiga jerin `!(...)` sai an kunna `dotglob`. Ni dai na fi natsuwa da `find . -maxdepth 1 -type f ! -name '*.pdf' ! -name '*.odt'`, in na gamsu da abin da ya nuna in ƙara `-delete` a ƙarshe.