Neman kalma: me za mu kira "driver" na sawun kad da Hausa?

Mai sitidiyo, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman sunan Hausa ga abin da Turawa ke kira driver, wato ƙaramar manhajar da ake ɗora wa kwamfuta don ta gane na'urar da aka jona mata. Mu masu ɗaukar murya a Kaduna direba muke cewa, kalmar ta zauna a baki, amma ba ta koya wa yaro komai. Mutum na da tsohon sawun kad mai kyau, wato akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta yana kuma fitar da shi, ya yi shekaru yana ɗaukar waƙa da wa'azi da tallar rediyo da shi a kan Windows 7. Ya sayi laftof mai Windows 11, ya jona, fitila ta kama, amma manhajojin ɗaukar murya, FL Studio da Cubase, ba su ga komai ba. Ka ce masa matsalar direba ce, sai ya ɗauka na'urar ta mutu, ya karyar da ita a kasuwa, alhali lafiyarta ƙalau. Wannan asarar tana damuna. Ina son kalmar da in na faɗa, mai ji zai gane inda ciwon yake.

Malamin Hausa, Kawo:
Wa alaikumus salam. Muna da matuƙi, ko jagora. Duka biyun Hausa ce tsantsa.

Mai gyaran kwamfuta, Ahmadu Bello Way:
Allah ya gafarta Malam, matuƙi mota zai kawo wa mutum a rai, kamar dai direban. Ni tafinta nake cewa a shago, kuma da na faɗa nake ganin kai ya gyaɗa. Sawun kad na da yarensa, Windows na da nasa, manhajar nan ce ke tsaye a tsakani tana isar da magana. Kamar a kotu ne: in tafinta bai jin yaren alƙali, mai ƙara na da lafiya, alƙali na da lafiya, amma shari'a ta tsaya.

Ku duba yadda kalmar ke warware abin da muke gani. Windows 11, da ya fito a 2021, mai bit 64 ne kawai, saboda haka tafintan da aka rubuta wa mai bit 32 ba zai hau ba ko an kwana ana gwadawa. Wanda aka rubuta wa Windows 7 mai bit 64 kuwa sau da yawa yakan hau, muddin yana ɗauke da sa hannun da Windows ke nema. A Mac, tun da aka fara komawa cif ɗin M1 na Apple a 2020, tsofaffin tafintocin da ke shiga can cikin zuciyar tsarin, waɗanda aka yi wa cif ɗin Intel, ba sa aiki, kuma Rosetta 2, mai juya manhajojin Intel su yi aiki a kan M1, ba ta juya irinsu.

Sannan akwai sawun kad ɗin da ba ya neman tafinta na musamman, domin yana bin ƙa'idar sautin USB da kowa ya amince da ita. Mac ya daɗe yana gane irinsa da zarar an jona, Linux ma haka, Windows 10 kuma ya samu nasa na USB Audio 2.0 a 2017. Shi ya sa wani tsohon akwatin ke aiki har yau, wani sa'ansa kuma ya yi shiru tun ranar da kamfaninsa ya daina sabunta masa manhaja.

Mai sitidiyo, Tudun Wada:
To Yaya, ASIO4ALL fa? Yara sun ɗauke shi maganin komai.

Mai gyaran kwamfuta, Ahmadu Bello Way:
ASIO tsari ne na kamfanin Steinberg da ke rage jinkiri tsakanin makirfo da kunne. ASIO4ALL kuwa, mai samar da ASIO ga sawun kad ɗin da ba shi da nasa, yana hawa ne kan tafintan da Windows ke da shi tun farko. In Windows bai ga na'urar ba, shi ma ba zai gan ta ba.

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta, Unguwar Rimi:
Yayyena, ina da ja. A ajinmu akwai interpreter, wanda ke karanta umarnin Python, wani yaren rubuta manhaja, layi bayan layi yana aiwatarwa. In muka ba driver sunan tafinta, shi wannan fa? Gobe mai rubuta littafin kwamfuta da Hausa zai tarar da abu biyu da suna ɗaya, kuma ba su da alaƙa.

Malamin Hausa, Kawo:
'Yata, tambayarki ta yi. Ita kanta tafinta daga wannan kalmar Ingilishin ta interpreter muka aro ta, ta daɗe har ta zama 'yar gida, tana da jam'inta, tafintoci. Amma a Hausa aikinta ya tsaya kan mai tsayuwa tsakanin mutum biyu yana kai magana yana kawowa nan take. Mai zama da rubutu yana juya shi kuwa mafassari ne. To ku ba na Python mafassari, tunda rubutu yake bi. Wannan kuma a ce tafintan na'ura, don a san na wane ne. Na janye matuƙi.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Malali:
Na yarda da kalmar, amma kada ku ɗora wa tafinta laifin kowa. Da yawa daga manyan sawun kad na da FireWire suke amfani da shi, wata ƙofar jona waya daban da USB, kuma sababbin laftof ba su da wannan ƙofar. Wayar nan da ake sayarwa mai kan FireWire a gefe ɗaya da USB a ɗaya, kada ku ɓata kuɗinku, hanyoyin biyu ba sa haɗuwa ta waya kawai. Mai kwamfutar tebur ya sa katin FireWire na PCIe, wato irin wanda ake cusawa a cikin kwamfutar, an fi dacewa da mai cif ɗin Texas Instruments. Mai Mac da tsarinsa bai kai macOS 26 ba, wanda ya daina gane FireWire a 2025, sai ya jera adafta daga ƙofar Thunderbolt 3 zuwa 2, daga nan zuwa FireWire 800, wannan ma sai in tafintan na nan. Kuma a kashe na'ura kafin a jona FireWire mai fil 6, don yana ɗauke da wuta. Wanda duk bai yi masa ba ya ajiye tsohuwar kwamfutarsa don ɗaukar murya kaɗai, ya cire ta daga intanet, musamman da yake Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a 14 ga Oktoba 2025.

Mai sitidiyo, Tudun Wada:
Mun gode Baba. To mun tsaya a kan tafintan na'ura, jam'i tafintocin na'ura, a hira kuma tafinta kawai ya isa. Ga yadda zan riƙa faɗa wa yaran da ke koyon aiki a wurina: "Fara duba ƙofa da waya. In suna lafiya, je shafin kamfanin ka ga ko akwai tafinta mai bit 64. Cire tsohon tafinta kafin ka ɗora sabo, ka sake kunna kwamfutar, sannan ka jona sawun kad."