Ramin wayar intanet na kwamfutata ya daina aiki, ina neman shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, yau kwana huɗu ke nan abin nan ya hana ni sakat. Kwamfutar tebur ce mai Windows 10, ba ta da waifai, da waya take haɗe da rauta. Wayar doguwa ce, za ta kai mita 20, ta bi gefen bango ta shigo ɗakin ta ƙarƙashin ƙofa. Sama da shekara biyu ko sau ɗaya ba ta taɓa ba ni matsala ba. A makon jiya aka yi ruwa da tsawa cikin dare, da gari ya waye kuma na ja teburin zuwa wancan bangon saboda feshi na shigowa ta taga. Ina kunnawa sai ta nuna wai ba a jona waya ba. Da na cire na mayar, na kuma sauya mata rami a jikin rautar, sai ta fara kawowa, ta yi minti biyu ko uku, ta ɗauke. Wayoyin hannu kuwa suna samun intanet ta waifai lafiya ƙalau. Na kashe rauta na kunna ya fi sau goma. Wani ya ce min madabod, wato babban allon cikin kwamfutar, ce ta ƙone, in sayi sabuwa kawai. Da wannan kwamfutar nake neman abinci, ayyukan mutane sun taru a kaina. Ta ina zan fara?

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kwantar da hankalinka, kada ka sayi komai tukuna. Tunda waifai na aiki, kamfanin intanet ya fita daga zargi, haka ma wayar da ke shigowa rautar. Saura abu uku: ramin rauta, wayar kanta, da ramin kwamfutar. Kuma abubuwa biyu suka faru kusan lokaci guda, tsawa da jan tebur, kowanne yana iya yin ɓarna.

Leƙa bayan kwamfutar inda wayar ta shiga. Yawanci akwai ƙananan fitilu biyu a bakin ramin, ɗaya tana tsayawa a kunne idan na'urorin biyu sun ga juna, ɗayar tana ƙyaftawa idan bayanai na wucewa. Launinsu ya danganta da kamfani, kada ya dame ka. Ɗauki kwamfutar ka kai ta kusa da rautar, ka jona ta da gajeriyar waya da ka tabbatar tana aiki, irin wadda ke zuwa cikin kwalin rautar. Ka gwada ramukan LAN, wato waɗanda ake jona kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, ban da na WAN da intanet ke shigowa ta cikinsa, wanda galibi launinsa daban ne. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane gwaji, ka rubuta abin da ka gani. In ka sauya waya da rami a tare, ko ya yi aiki ba za ka san wanne ne mai laifin ba.

Wani ɗalibi:
Yaya ni na taɓa samun irin wannan, direba ne ya lalace, wato manhajar da ke tafiyar da katin intanet na kwamfutar. Goge shi na yi na sake sawa, shi ke nan. Gwada haka.

Malama mai koyar da kwamfuta:
Ƙanina, maganarka tana kan hanya, direba yana kawo irin wannan, musamman bayan Windows ya sabunta kansa. Amma ban so ya fara da shi ba. Mutumin da ba shi da waifai a kwamfutarsa, in ya goge direba kuma Windows bai mayar da shi da kansa ba, da me zai sauko da wani? In har za a yi, sai a fara sauko da shi ta wayar hannu daga shafin kamfanin madabod ɗin, ko na Realtek ko Intel idan katin nasu ne, a ajiye a filas.

Malam mai tambaya, kafin nan danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl. Idan ka ga Ethernet, wato haɗin waya, a wurin da jan gicciye, kwamfutar ta san katinta, waya ce ba ta gani. Idan ya yi toka-toka, kashe shi aka yi, danna dama ka kunna. Idan babu shi kwata-kwata, nan ne za a duba devmgmt.msc, wato jerin na'urorin kwamfutar, da kuma BIOS, saitin madabod ɗin, don ana iya kashe katin daga can. Lokacin da ta kawo kuma, danna Ethernet ɗin sau biyu ka faɗa mana gudun da ta nuna. Sannan ka sake danna Windows tare da R, ka buɗe cmd ka rubuta ipconfig. Adireshi mai farawa da 192.168 yana nufin rauta ta ba ta lamba. Mai farawa da 169.254 kuwa ita ta ba kanta, domin ta nema ba a amsa mata ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, na yi yadda kuka ce. Da gajeriyar waya a rami na 1, babu fitila ko ɗaya, shiru. Rami na 2 da na 3 da na 4 kuwa nan take fitilu suka kama, ta nuna 1.0 Gbps, wato gigabit ɗaya, adireshi 192.168.1.5, na yi awa guda a kai ko gezau. Na aro kwamfutar hannu ta ƙanena na sa a rami na 1, ita ma shiru. Da na mayar da doguwar wayar a rami na 2 sai ta nuna 100 Mbps, kuma ina taɓa kanta da yatsa sai fitilar ta mutu. Wallahi har na ji sanyi a raina da na ga ba madabod ba ce. Amma me ya sa 100?

Mai ja wa ofisoshi waya:
Malam, wannan 100 ɗin da ka gani ita ta tona asirin wayar. A cikin kebul ɗin akwai siraran wayoyi 8, an murɗe su biyu-biyu, tagwaye huɗu ke nan. Gudun megabit 100 tagwaye biyu kawai yake buƙata, waɗanda ke kan haƙori na 1 da 2 da 3 da 6 a kan wayar. Gigabit kuwa, wato megabit 1000, sai duka huɗun sun cika. Saboda haka idan silli ɗaya ya tsinke a shuɗin tagwaye ko masu ruwan ƙasa, katuna da yawa sai su haƙura su sauko 100, mutum yana ta aiki bai san komai ba. Wataƙila ma ta daɗe a haka ba ka lura ba. Ɗaukewar da take yi in ka taɓa ta kuma wani ciwon ne daban, kan wayar ne ba ya zama daram.

Duba wurare biyu. Na farko ɗan harshen robar nan da ke yin ƙas idan ka tura kan cikin rami. In ya karye, kan yana zamewa baya kaɗan, ido ba zai gani ba amma haƙoran sun rabu. Na biyu ƙarƙashin ƙofar. Na sha cire waya a irin wannan wurin in tarar ta baje kamar an bi ta da guduma, rigar ta tsage. Da ka ja teburin nan kuma ka ƙara mata ɗauri. Haska tocila cikin ramin kwamfutar ma, ka tabbatar ƙarafa takwas ɗin suna jere, babu wanda ya lanƙwashe ko ya hau kan ɗan uwansa.

In kan ne kaɗai ya lalace, a yanke a matse sabon kai, wanda ake kira RJ45. Jerin da aka fi amfani da shi shi ne T568B: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka dubi ɗaya kan ka tabbatar jerinsu ɗaya, kada a warware murɗin fiye da milimita 13, a kuma gwada da testa a ga fitilu takwas sun bi a jere. In tsakiyar ce ta ji ciwo, ni ba na son ɗauri da salatif, sauya ta gaba ɗaya. Cat5e ko Cat6 duk suna ɗaukar gigabit har mita 100, mita 20 ba komai ba ce. Sai dai ka nemi ta jan ƙarfe zalla. Akwai wadda alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, za ka ga an rubuta CCA, in ka kankare sillin da wuƙa sai fari ya fito. Saurin karyewa gare ta, ta sha jawo min komawa aiki sau biyu.

Mai gyaran kwamfuta:
Game da rami na 1, tunda na'urori biyu da lafiyayyar waya duk sun kasa tayar da shi, ya mutu, kuma na fi zargin tsawar nan. Ba sai ta faɗo kan gida ba, in ta sauka kusa tana iya cusa wuta cikin doguwar waya, ramin da wayar ke ciki shi ke fara sha. Ka shiga shafin saitin rautar ka duba ko ba a kashe shi ba, in ba haka ba ne manna masa tef ka ci gaba da sauran ukun. Ka sa musu ido, wani lokaci ɓarnar tana bayyana daga baya. Idan hadari ya haɗo da tsawa sosai, cire wayar daga bayan kwamfutar tare da filogin wuta.

Ko da a ce ramin kwamfutar ne ya ƙone, ba sai an sauya madabod ba. Ƙaramin kati na PCIe da ake sokawa a jikin madabod ko adafta ta USB sun wadatar, sai dai a nemi ta USB 3.0, domin USB 2.0 iyakarta megabit 480, ba za ta cika gigabit ba.

Mai tambaya:
Alhamdu lillahi. Malam, kamar kana wurin. Harshen robar ya karye, a ƙarƙashin ƙofa kuma wayar ta baje, da na yanka rigar na tarar sillin mai ruwan ƙasa ya rabu biyu. Na sa sabuwar Cat6, wannan karon ta sama na bi da ita, ta ɗan ramin da ke jikin katakon ƙofar, na bar mata rara a bayan tebur. Yau kwana biyu tana kan 1.0 Gbps ba ta ɗauke ba. A saitin rautar ban ga inda aka kashe rami na 1 ba, na rufe shi da tef. Malama, direban ma na sauko da shi na ajiye a filas. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi.

Malama mai koyar da kwamfuta:
Amin, mun taya ka murna. Kada ka yar da gajeriyar wayar nan, ajiye ta cikin aljihun tebur tare da filas ɗin.