CA-125 ya hau, sikanin ya ce ƙarin ba mugu ba ne: wanne za a bi?

Ɗalibar ungozoma: Assalamu alaikum. Mace mai shekara 30, an ga ƙari a jakar ƙwanta, sikanin bai nuna alamar kansa ba, amma CA-125, gwajin jinin da ake yi don neman alamar kansar jakar ƙwai, ya kai 90. Don Allah malamai, me hakan ke nufi?

Likitar mata: Wa alaikumussalam ƙanwata. Iyakar da aka saba ita ce 35, amma a wurin mai al'ada wannan gwajin yana yawan tayar da hankali a banza. Duk abin da ya taɓa fatar da ta lulluɓe kayan ciki yana ɗaga shi: jinin haila, ƙaramin ciki, ƙarin mahaifa, sanyin mara, ciwon hanta mai tara ruwa, da endometiriyosis (tsirowar irin naman shimfiɗar mahaifa a wajen mahaifa), musamman ƙullutun da ke cike da tsohon jini. A nan ƙasarmu kada a manta da tibin ciki, yana kai shi ɗaruruwa har a ɗauka kansa ce. Akasin haka ma yana faruwa: kusan rabin masu kansar a matakin farko, nasu lafiya lau yake fitowa. Ƙullutun ruwa zalla da bai kai santimita 5 ba, ba ya ma buƙatar gwajin, yakan baje cikin wata biyu zuwa uku.

Mai gwajin jini: Hajiya ta faɗi gaskiya. Kada a ɗebi jinin tana cikin al'ada, a bari ta yi tsarki. In za a maimaita, a koma ɗakin gwaji ɗaya, domin na'urori sun bambanta. CA 19-9, wani gwajin jini na alamar kansa, kuma yakan hau a ƙari mai gashi da kitse, alhali ba kansa ba ne. HE4, shi ma irin wannan gwajin ne, bai cika hawa a endometiriyosis ba, amma ciwon ƙoda yana ɗaga shi.

Likitan tiyata: Lissafin RMI ake yi, wato ma'aunin yiwuwar ƙarin ya zama kansa: makin sikanin sau makin al'ada sau CA-125. Alamu biyar ake nema a sikanin: ɗakuna da yawa, tsoka a ciki, ƙari a jakar ƙwai duka biyu, ruwa a ciki, yaɗuwa. Babu ko ɗaya maki 0, guda ɗaya 1, biyu zuwa sama 3. Mai al'ada 1, wadda ta daina 3. Taki in alama ɗaya ce, 90 ke nan, ƙasa da 200, iyakar da ake fara zargin kansa. Dattijuwa mai alamu biyu da CA-125 na 40 kuwa ta kai 360, sai asibitin ƙwararru. Tunda taki ba ta kai shekara 40 ba, in ƙarin yana da tsoka a ƙara gwaje-gwajen jini na AFP, hCG da LDH kafin a shiga tiyata.