Ɗanyen mai da 'ya'yan kifi: gardamar da ta kaure a zauren masu kifi na Gombe

Alhaji Bala: Ni fa ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Tun da Buhari ya ƙaddamar da haƙar man Kolmani, a iyakar Gombe da Bauchi, a Nuwamban 2022 ake ta tsorata masunta wai in mai ya zube a ruwa zai kashe kifi. Mai a saman ruwa yake tsayawa, kifi yana ƙasa. Ina suka gamu?

Malama Hauwa: Alhaji, ba duka ke tsayawa sama ba. Akwai sinadarai a cikinsa da ake kira PAH, wasunsu na narkewa a ruwa. Babban kifi ya gudu, to ƙwai fa, da ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya?

Usman Dadin Kowa: In guba ce ai za mu gan su sun taso matattu. In ba su mutu ba, shi ke nan.

Malama Hauwa: Nan gizo ke saƙar, Malam Usman. Ɗan kifi yana ginuwa ne da umarnin ƙwayoyin gado, kowacce da lokacin da take kunnuwa da lokacin da take yin shiru. Mai yana hargitsa wannan tsari. Wata ƙwayar gado mai suna CYP1A, mai aikin sarrafa guba, sai ta tashi haiƙan, masu tsara zuciya da ƙashin fuska kuma su kauce hanya. A madubin ƙara girma za ka ga ruwa ya taru kewaye da zuciya, bugunta ya yi rauni, muƙamuƙi ya tauye, baya ya lanƙwashe. An ga haka bayan jirgin Exxon Valdez ya zubar da mai a Alaska a 1989, an sake gani bayan malalar Tekun Meziko a 2010.

Alhaji Bala: Kifin teku ne wancan. Tarwaɗarmu da ke rayuwa cikin laka?

Garba Mai Ƙyanƙyasa: Haba Alhaji! Tarwaɗa mai taurin rai babba ce. Jariranta kuwa, ruwa ya ɗan canja cikin dare, da safe ka kwashe su da rariya.

Usman Dadin Kowa: Wato wanda ya ci irin kifin nan, shi ma ƙwayoyin gadonsa za su canja?

Malama Hauwa: A'a, kada a yaɗa wannan. Ana maganar yadda ƙwayoyin ke aiki ne a jikin ɗan kifin yayin da yake ginuwa. Abin damuwar masunci shi ne waɗanda suka tsira kamar lafiya lau amma zuciyarsu ba ta ƙosa ba: ba sa iyo da sauri, ba sa kai girma a rafi.

Alhaji Bala: Har yanzu dai ɗigo bai zuba ba da na sani.

Garba Mai Ƙyanƙyasa: Shi ya sa yanzu ya kamata a auna ruwan rafukan Alkaleri da Akko, yankunan da Kolmani yake, a ajiye sakamakon. Malama, ke da kike jami'a, nawa gwajin yake ci?