Gajiya ta ƙi sakina tun bayan haihuwa, a taimaka da shawara

Maman Yasir, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 33, haihuwata huɗu, tun da na haifi na ƙarshe jikina bai dawo ba. In na tashi sallar asuba ji nake kamar ban kwanta ba. Ina sayar da atamfa a gida, da ni nake zuwa Kwari in saro da kaina, yanzu ƙanwata nake turawa, ita kuma ba ta iya zaɓe ba, kaya sun yi kwantai, masu bashi ba sa biya. Abokiyar zamana ta ce son jiki ne, Hajiyar maigida ta ce iska ce, an yi hayaƙi an sha rubutu. Sanyi nake ji ko ana zafi, gashina na zuba, ga jiri in na miƙe. An ba ni maganin maleriya da taifot, shiru. Na yi gwajin TSH, na duba aikin tayirod (tsokar da ke wuya), ya nuna 1.8, aka ce lafiya lau. Maƙwabciyata na shan levothyroxine, kwayar masu ƙarancin sinadarin tayirod, ta ce in gwada nata. In sha?

Malamin Lab, Samaru: Wa alaikumus salam. Kar ki sha. Fara da mai sauƙi: gwajin yawan jini, feritin (ma'aunin ƙarfen da jiki ya ajiye), da suga kafin karin kumallo. Mace marar ciki in himogulobin ya gaza 12 jininta ya yi ƙasa, kuma ƙarfen jiki na iya ƙarewa tun jinin bai faɗi ba, shi ya sa na ce feritin. Suga 126 ko sama a gwaji biyu, ciwon suga ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne Widal ɗin nan, gwajin taifot, kowa ya ce ya gaji sai a ɗora masa taifot, alhali gwaji ɗaya ba ya tabbatar da komai.

Anti Nas, Hanwa: Maman Yasir, kin ba mu labarin atamfa kin bar na haihuwar. Kin zubar da jini sosai? Nono ya zo? Al'ada ta dawo? Gashin hammata fa?

Maman Yasir: Anti, jini ya ɓalle min, leda uku aka ƙara min. Nono bai zo ba, da madara ya tashi. Al'ada ban sake gani ba, shekara biyu ke nan, na ɗauka hutu Allah ya ba ni. Gashin kuma ya ragu.

Anti Nas: To wannan ya kamata ki fara faɗa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka, fituwitari, ita ke ba tayirod, ƙwan mace da tsokar saman ƙoda umarnin fitar da sinadaransu. Lokacin ciki tana ƙara girma, in jini ya ɓalle wajen haihuwa sai jinin da ke isa gare ta ya yanke, wani sashenta ya mutu. Ana kiransa ciwon Sheehan. Rashin nono da ɗaukewar al'ada su ne alamun farko. Ban ce shi ne ba, amma dole a bincika.

TSH ɗinki ba hujja ba ce. Fituwitari ce ke fitar da shi, in ita ce ta samu matsala zai iya zama tsakanin 0.4 da 4.0 alhali tayirod ba ta aiki yadda ya kamata. Sai an haɗa da free T4, sinadarin da tayirod ɗin kanta ke fitarwa. Sannan kotizol, sinadarin tsokar saman ƙoda, a ɗebi jinin tsakanin takwas da tara na safe, don da yamma sauka yake, sakamakon ba zai yi amfani ba. A ƙara furolaktin (sinadarin kawo nono), FSH da LH (sinadaran al'ada) da gishirin jini. Maganar kwayar maƙwabciya kuwa, in kotizol ya yi ƙasa kika sha levothyroxine, bugun jini da suga na iya faɗuwa lokaci ɗaya, har rai ya shiga haɗari. Kotizol ake fara gyarawa. Ki karɓi takardar tura marar lafiya ki je asibitin koyarwa na Shika wajen likitocin sinadaran jiki.

Malamin Lab: Anti, a bi a hankali. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku ma tana ɗauke al'ada, kuma ba a yi gwajin ciki ba. Waɗannan gwaje-gwajen kuɗi ne.

Anti Nas: Allura ba ta hana nono zuwa, Malam. Sai ta yi gwajin cikin, amma a ɗebi jinin duka rana ɗaya.

Mai Kemis, Sabon Gari: Ni tambayata daban ce. Hajiya, wane mai kike shafawa? Kina shan maganin ƙiba? Man haɗi da yawa akwai clobetasol a ciki, su sha-ka-fashe kuma sau da yawa dexamethasone ne, duka biyun magunguna ne masu aiki irin na kotizol. In an daɗe a kansu jiki yakan rage yin kotizol ɗinsa, gwajin ma ya rikice. Kar ki daina rana ɗaya, likita ne zai rage miki a hankali. Ki tafi da kwalbar. In kina shan biotin saboda gashi, ki ajiye shi kwana uku kafin gwaji. Wallahi kullum ana zuwa neman waɗannan mayukan, ka hana a ce kana da girman kai a wuce gaba.

Maman Yasir: Ba bilicin nake ba, Malam, na gyaran fata ne kawai, kuma mai haɗa min amintacciya ce. Allura ban taɓa yi ba. Shika kuma yini guda ne, wa zai riƙe min yara? Maigida na Abuja, sai ƙarshen wata.

Anti Nas: Amintacciyar ta faɗa miki abin da ta zuba? Kafin ya dawo, ki bar azumin nafila. In kika fara amai ko gudawa, ko jiri ya kayar da ke, ko kanki ya rikice, a kai ki sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, ki faɗa musu batun jinin haihuwar da man.

Maman Yasir: To na ji, Allah ya saka. Bari in fara da na Malamin Lab tukuna, in kuɗin atamfa sun shigo sai in ga. Amma rabin kwayar ma ba za ta yiwu ba?