Abin da magina a Jos suka ce game da rufin da iska ba za ta yaye ba

A wani zama da magina da kafintoci da injiniya guda suka yi a Jos kafin faɗuwar damina, an fi daɗewa a kan rufi, domin iskar da ke zuwa da ruwan farko a watan Afrilu da Mayu kwano take fara ɗagawa. Injiniyan ya ce ba mu da mahaukaciyar guguwar teku irin Andrew, wadda ta ragargaza kudancin Filorida a Amurka a 1992 har ta sa aka tsaurara dokokin gini a can, amma darasin ɗaya ne: a ɗaure rufi da bango, bango kuma da harsashi.

Shawarar da kowa ya amince da ita ita ce a zuba linta ta zagaye gidan gaba ɗaya, a dasa langalanga ko rodi a cikinta, sannan a naɗe katakon rufi da shi, maimakon a dogara da ƙusa kaɗai. Kafintocin sun ƙara da cewa rufi mai gangare ta ɓangarori huɗu ya fi mai gangare biyu jure iska, kuma bakin kwano kada ya zarce bango da yawa, domin ta nan iska ke samun kafar shiga. A ganina wannan ne masu gida suka fi sakaci da shi, saboda son inuwa.

An kuma taɓo bulo mai ƙarancin siminti, da tsofaffin bishiyoyin turare da ke dab da gidaje, waɗanda ya kamata a rage musu rassa tun a watan Maris.