Transmita mai tsallake dutse zuwa cikin kogo, ya ake haɗa ta?

Makanikin_Waya:
Salam 'yan uwa. So nake in haɗa transmita, wato na'urar aika sigina, da za a ajiye cikin kogo, mu daga sama mu gano daidai inda take. Na gwada da woki-toki, ana shiga mita kaɗan shiru kake ji. Ina matsalar?

Injiniya_Kogo:
Wa alaikassalam ɗan uwa. Ai dutse da jiƙaƙƙiyar ƙasa shanye babban firikwensi (yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa) irin na woki-toki suke, sai ka sauko da firikwensin ƙasa sosai, masu wannan harka da yawa 3496 Hz suke amfani da shi, kiristal (ɗan abin da ke ba da tsayayyen firikwensi) mai 3.579545 MHz ne ake raba firikwensinsa da 1024 a samu wannan. Nannaɗe waya za ka yi ta zama zobe, ka sa kapasita (abin da ke tara wuta) ya daidaita ta da firikwensin, ka kwantar da zoben daidai ba karkata, in ya karkace lissafinka na sama ya tashi aiki.

Dattijo_77:
Kar ka taɓa ƙafar kapasitan nan yana aiki fa! Batir 12V ne amma wutar da ke kan kapasitan takan kai ɗaruruwan volt, ni ta taɓa fizgata sai da na yar da sukundireba.

Makanikin_Waya:
Subhanallah. To zurfi fa malam?

Injiniya_Kogo:
Daga wurin da ke daidai saman transmitar a doron ƙasa ka yi ta matsawa da na'urar karɓar sigina har inda layin maganaɗisun da zoben ke fitarwa ya kwanta, auna tazarar ka ninka da 0.7, zurfinka kenan. Amma ka sani in nisa ya ninka biyu, ƙarfin siginar sau 8 yake raguwa.